Jakar Alhaji, Izinin Baba da Tsaunukan Peru

Wasiƙar wannan makon daga Jos ta zo. Na taƙaita ta, na cire abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baffa. Shekarata 29, malamin gona ne ni a Jihar Filato, aikina duk a kan dankalin Turawa yake. Allah Ya ba ni gurbin horo na mako shida a cibiyar binciken dankali da ke Lima, ƙasar Peru, an biya mini jirgi da masauki. Abokan horon sun shirya in an gama za su yi mako biyu suna zagaya tsaunuka: Kusko, Machu Picchu, tafkin Titikaka, su tsallaka Bolibiya har La Paz da filin gishirin Uyuni. Tun ina sakandare nake burin ganin wuraren nan. Baba malami ne. Sun amince da horon, amma sun ce ban da yawon kufan masu bautar rana. Kuɗina ba za su isa ba, sai wani Alhaji ɗan kasuwa da muka saba ya ce zai biya duka, sharaɗinsa kawai in karɓo masa ƙaramar jakar samfurin takalma daga hannun yaronsa a Sao Paulo a hanyar dawowa. Na yanke in ce wa Baba horon na wata biyu ne. Af, jinina AS ne, amma ban taɓa ciwo ba, kuma a Jos na girma, na saba da tudu da sanyi. Me kuke gani?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da arziki. Cibiyar da za ka je, wadda aka kafa a 1971, babu kamarta ga mai aikin dankali a faɗin duniya. Allah Ya sa albarka. Sai dai yadda ka jera maganganunka ya ɗaga mini hankali. Ka sa Malam a gurbin matsala, ka sa Alhaji a gurbin mafita, maganar jininka kuma ka jefo ta a tsaitsaye. Ni a wurina lissafin a juye yake, don haka Malam zan bari sai daga baya, mu fara da abin da zai iya halaka ka.

Kada ka karɓi jakar nan. Kuɗin ma kada ka karɓa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban san Alhajin ba, ba kuma zan ɗauki alhakinsa ba, mai yiwuwa takalman ne da gaske. Amma yi wa kanka lissafin ɗan kasuwa. Samfurin takalma abu ne da kamfanin aika kaya zai ɗauko daga Brazil ya sauke a Legas cikin 'yan kwanaki. Me zai sa mutum ya bar wannan hanya, ya biya maka otal da jirgin ƙasa da abinci na mako biyu a ƙasashe biyu? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kusan duk hodar ibilis ɗin da ke yawo a duniya daga ƙasashe uku take fitowa, Kolambiya da Peru da Bolibiya, kuma bisa tsarinku biyu daga cikinsu za su buga maka hatimi a fasfo. Sao Paulo tana cikin manyan ƙofofin da ake fito da ita zuwa Afirka ta Yamma. Hukumar NDLEA ta sha kama masu dawowa daga can ta Addis Ababa ko ta Doha a filayen jirgin Legas da Abuja, an cusa kayan a ƙasan takalmi, a rufin jaka, a gwangwanin man shafawa. Saurayi mai koren fasfo, ya sauko daga Bolibiya, ya tsaya Sao Paulo ya ƙara jaka guda: irinsa jami'ai ke jira. In aka buɗe aka samu wani abu, ba wanda zai tambayi wa ya cika jakar, sunan da ke liƙe a jikinta za a karanta. Dokar Brazil ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ta tanada ga mai safarar ƙwaya, ana ƙarawa in ƙetare iyaka za a yi da ita. Ka yi tunanin Malam a zaure, almajirai kewaye da su, aka shigo musu da wannan labari.

Ba sai ka zarge shi ba. Ka je ka same shi, ka yi godiya, ka ce: "Alhaji, Allah Ya saka da alheri, amma na ɗaukar wa kaina ba na riƙe saƙon kowa a jirgi, ko na ɗan ɗakinmu ne." Ko ya ce ba komai, ga kuɗin kyauta, ka ce ka yafe. Kada ka gaya masa ranar dawowarka ko jirgin da za ka hau, kada ka ba yaron nasa lambarka. A filin jirgi ka sa a naɗe jakarka da leda, ka ɗauki hotonta, ka ƙirga takardun kayan da aka ba ka su yi daidai da yawan jakunkunanka.

Tunda muna kan wannan, ga maganar ganyen koka. A Peru da Bolibiya doka ta halatta ganyen, mutanen tsauni sun shafe dubban shekaru suna tauna shi don gajiya da yunwa da sanyi, kuma otal-otal na Kusko da shayinsa suke tarbar baƙo. Ganyen daban, hodar da ake sarrafawa daga gare shi daban. Amma kana barin yankin ya zama haramtaccen kaya, har shayin leda da alawar da ake sayarwa don tsaraba, kuma kofi ɗaya na shayin kan fito a gwajin fitsari. Ni ne kai ba zan kusance shi ba. Akwai wani ganye mai ƙamshin na'a-na'a da suke kira muña, ka nemi shayinsa.

Yanzu jininka. Ka ce a Jos ka girma, ka saba da tudu. Jos tana kan mita 1,200 ne da 'yan kai. Wuri mafi tsawo a Najeriya duka, dutsen Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Kusko, birnin da mutane ke kwana suna tashi suna cin kasuwa, yana kan mita 3,400, kusan kilomita guda sama da ƙololuwar ƙasarmu. Tafkin Titikaka 3,812. Filin jirgin da ake sauka in za a shiga La Paz ya haura 4,000. A Kusko numfashi ɗaya kusan kashi biyu bisa uku na iskar oksijin ɗin bakin teku yake kawo maka. Ita kuwa Lima a bakin teku take, bayan mako shida a can ɗan sabon da jikinka ya yi da Jos ya tafi, sannan jirgi ya ɗauke ka cikin awa ɗaya da rabi ya ajiye ka can sama.

Ciwon tsauni, wanda suke kira soroche, ba ruwansa da ƙarfin mutum: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, haki daga hawa bene ɗaya. Yakan kama ɗan wasa ya bar tsohuwa. Wannan na kowa ne. Naka na daban shi ne saifa. Mai AS lafiyayye ne a rayuwar yau da kullum, kuma mafi yawansu suna hawa tsauni su sauko ƙalau. Amma inda iska ta yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, wasu ƙwayoyin jinin kan lanƙwashe su toshe hanyoyin jinin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗa, galibi a kwanakin farko na hawa. A 2007 wani ɗan wasan zari-ruga na Amurka mai irin jininka, Ryan Clark, ya buga wasa a Denver, mita 1,600 kacal, ya ƙare a asibiti aka cire masa saifa.

Kafin ka sayi ko safa, ka sake gwajin jini a asibitin koyarwa, domin ɗakunan gwaji kan yi kuskure, akan samu wanda ya girma yana cewa AS ne ashe SC ne. In SC ko SS ta fito, maganar tsauni ta mutu, sai zaman Lima. In AS ce, ka zauna da likitan jini ka nuna masa alƙaluman nan na tsawo, shi ya yanke. Akwai maganin da ake ba masu hawa, acetazolamide, yana sa yawan fitsari, kai kuma bushewar jiki ce abokiyar gabarka, kada ka saya a kemis don abokai sun saya. Ka nemi inshorar da ta haɗa da sauko da mara lafiya daga tsauni. Ka rubuta "rasgo falciforme" a kati ka sa a aljihu, haka likitocin can ke kiran AS, kuma ba shi ne zai fara zuwa zuciyar likita a Kusko ba. Ka faɗa wa masu horon tun yanzu. Cibiyar tana da gonar gwaji a Huancayo, sama da mita 3,200, hanyar motar zuwa can daga Lima kuma tana ratsa mashigar Ticlio mai mita 4,818. Mai yiwuwa tun kafin yawon abokai, aikin da kansa ya hau da kai.

Ko likita ya yarda, ni dai ka cire Bolibiya. Filin gishirin Uyuni abin kallo ne, ya fi murabba'in kilomita 10,000, fari fat iya ganinka, amma yana kan mita 3,650, zagayen kwana uku da ake yi da mota daga can kuma yana hawa kusan 5,000, cikin sanyi, nesa da asibitin kirki. Ga kuɗin biza ta biyu. In ka cire wannan, ka cire Titikaka, abin da ya rage kwana biyar ne ko shida, kuma ina kyautata zaton abin da za ka tara daga alawus ɗin horo da ɗan abin da ke hannunka zai ɗauke shi. Ka ga Alhaji ya fita daga lissafi da kansa.

Da saukarka Kusko kada ka kwana a ciki. Ka hau mota ka gangara kwarin Urubamba, ka kwana Ollantaytambo, wajen mita 2,800. Daga can jirgin ƙasa ke bin kogi zuwa gindin Machu Picchu, kufan tsohon birnin da ke kan dutse, wadda mutane da yawa ba su san ta fi Kusko ƙasa ba, mita 2,430 take. Kusko sai ƙarshe, bayan jiki ya ɗan saba. Ruwa da yawa, tafiya sannu-sannu, ban da gasar hawa dutse don hoto. Ciwo a gefen hagu, ko hakin da hutu bai lafar da shi ba, sai asibiti da saukowa a ranar, ko an riga an biya kuɗin gobe.

Sai Malam. Kada ka yi musu ƙarya. Bar ma batun zunubi, ita ƙaryar ba za ta yi mako ba: abokan tafiyarka za su sa hotuna a Facebook, wani ɗan'uwa ya gani, ya tura zauren WhatsApp na dangi da "Masha Allah". Abin da ya fi wannan muni, in wani abu ya same ka a can, gida za a fara bugawa, Malam su ji daga bakin baƙo cewa ɗansu yana kwance a garin da suka hana shi zuwa. Ka san hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi gare su. In an mayar da mai jihadi, ina ga mai yawon buɗe ido?

Tsoron nasu kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Sarakunan Inka, waɗanda suka mulki ƙasar kafin zuwan Turawa, rana suke bauta wa, suna cewa su 'ya'yanta ne, babban ɗakin bautarta, Qorikancha, yana tsakiyar Kusko, kuma har yau duk 24 ga Yuni ana wasan bikin rana a birnin. Galibin mutanen tsaunin Kiristoci ne yanzu, amma da yawa ba su bar yi wa Pachamama, uwar ƙasa a wurinsu, hidima ba: kafin a sha abin sha a ɗiga mata a ƙasa, a watan Agusta a haɗa mata ƙunshin ganye da hatsi da kayan zaƙi a ƙona ko a binne. Masu kai baƙi yawo sun mayar da wannan haja. Za a kawo boka cikin tufafin gargajiya, a ba kowa ganye uku ya hura yana fuskantar duwatsu yana roƙo, a ce ai al'ada ce kawai. Akwai kuma masu tallar wani jiƙo mai gusar da hankali, ayahuasca, da sunan wanke zuciya. Abin da Malam suka hango ke nan, ko ba su san sunayensa ba. To ka kai musu shi da bakinka, dalla-dalla, ka ce ga abin da ake yi, ga alkawarina ba zan sa hannu ba. A can kuma "no, gracias" ta wadatar, ka koma gefe ka jira su gama ba tare da yatsina fuska ba. Baƙo kake a ƙasarsu.

Sannan ka gaya musu abin da zai kai ka, in dai shi ne gaskiyar zuciyarka. Kai malamin gona ne, kwarin nan kuwa makarantar noma ce a fili. A yankin Titikaka aka fara noman dankali, shekaru 7,000 ko fiye da suka wuce, kuma tsaunukan Andis suna da nau'o'insa sama da 4,000, ja da shuɗi da baƙi da rawaya. Kusa da garin Pisac da ke kwarin akwai ƙauyukan ƙabilar Kecuwa da suka haɗa filayensu suka yi gandun adana dankali, suna riƙe da iri sama da 1,000 a gona. Manominsu kan cakuɗa iri da dama a fili guda, don in sanyi ya kashe wani, cuta ta cinye wani, wani ya tsira. Kai da ka ga yadda cutar ganye ke share gonakin Mangu da Bokkos a damina ɗaya, inda kowa 'yan nau'o'i kaɗan ya dogara da su, ba sai na yi maka bayani ba. Za ka ga gangaren tsauni an yanka shi hawa-hawa an tokare da bangon dutse, ƙasa ba ta zaizayewa, bangon ya sha zafin rana ya sake shi da dare. A Tipón, kusa da Kusko, magudanan da aka gina shekaru 500 da suka wuce har yau ruwa na gudu a cikinsu. A Ollantaytambo ka ɗaga kai ka ga rumbunan da suka gina a jikin dutse, inda iska mai sanyi ke ratsawa. Suna kuma busar da dankali: a shanya, sanyin dare ya daskarar, rana ta narkar, a tattake da ƙafa ruwan ya fita, ya zama chuño, wanda ke shekaru bai lalace ba. Wannan kam ba zai yiwu a Filato ba, sanyinku bai kai ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma rumbu mai shan iska zai yiwu, kuma ka fi ni sanin rashin ajiya ne ke sa manominku sakin buhu a wulaƙance da kaka.

Ga kuma wa'azin da ke cikin duwatsun, wanda zai fi shiga kunnen Malam. Daular Inka ta fara bunƙasa ne a 1438 da hawan Pachacuti, cikin ƙasa da shekara ɗari ta miƙe daga kudancin Kolambiya ta yau har tsakiyar Chile. Ba doki, ba baƙin ƙarfe, ba rubutu irin namu sai igiyoyi masu ƙulli da suke lissafin haraji da jama'a da su. Duk da haka suka shimfiɗa hanyoyi na wajen kilomita 30,000, da gadojin igiya a kan kwazazzabai. Manyan gine-ginensu dutse ne a kan dutse, ba laka ba siminti, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Da girgizar ƙasa ta 1950 ta rusa sassan cocin da Sifaniyawa suka ɗora a kan Qorikancha, bangon Inka na ƙasa ya tsaya cak. To wannan daula mai miliyoyin mutane, wani Basifaniye, Francisco Pizarro, da rundunar mutum 168 ya kama sarkinta Atahualpa a Cajamarca a Nuwamban 1532. Annoba ta riga Turawan isowa, tsohon sarki ya rasu, 'ya'yansa biyu, Atahualpa da Huáscar, suka gwabza a kan gadon sarauta, ƙabilun da aka mallaka da ƙarfi kuma suna jiran wanda zai ɗora musu hannu. Atahualpa ya tara musu fansar kansa, ɗaki guda na zinariya da biyu na azurfa, suka narkar, suka kashe shi a 1533. Malamin da ya san Yaƙin Basasar Kano na 1893, da yadda Turawa suka shiga birnin shekara goma bayansa, zai gane wannan labari tun ba ka kai ƙarshensa ba. Ita kanta Machu Picchu, an gina ta wajen 1450, bayan kimanin ƙarni guda aka watse aka bar wa daji, sai manoman yankin suka san da ita, har 1911 da suka kai wani Ba'amurke, Hiram Bingham, ya tallata ta ga duniya.

Allah Ya ce a Suratu Rum mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Amma kada ka je ka karanta wa Malam aya kamar kai za ka koya musu. Sun san ta tun ba a haife ka ba, kuma za su iya amsa maka da hadisin Hijr, inda aka hana Sahabbai shiga gidajen Samudawa a hanyar Tabuka sai suna masu kuka. Ka je da tambaya. Ka zauna ƙasa bayan isha, ka ce: "Baba, yaya malamai suka haɗa ayar nan da hadisin nan? Wace shiga aka hana, wacce aka yarda?" Ka ambata musu Ibn Jubair, matafiyin nan na Andalus, wanda ya tsaya ya ga dalar Fir'auna a Masar a hanyarsa ta hajji a 1183, ya rubuta abin da ya gani. Ka bar musu hukuncin. In akwai baffanka ko aminin Malam da suke jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa.

In hira ta yi daɗi, ka ƙara musu da cewa nahiyar ba baƙuwarmu ba ce. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano asalinta kudancin Bolibiya ne da kewaye. Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wata bishiyar gangaren Andis aka samo shi, da shi kuma wani likitan Birtaniya, Baikie, ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa a 1854 bai rasa ko mutum ɗaya ba, abin da ya buɗe wa Turawa kogunan nan. A Salvador ta Brazil kuwa, a Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, galibinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi tawaye, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

In bayan duk wannan suka ce a'a, to a'a ce. Ka yi horonka ka dawo. Shekararka 29 ne kawai.

In sun ce e, ga 'yan ƙananan abubuwa. Musulmi kaɗan ne a Peru. A Lima akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar, can za ka samu Juma'a da labarin inda ake samun naman yanka. A tsauni ka ɗauka babu. Kifi ya ishe ka: ceviche a Lima, ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da albasa da barkono, a kwarin kuma kifin ruwan sanyi da suke kira trucha, ga dankali da masara mai manyan ƙwayoyi da ƙwai da piya. Chicharrón galibi alade ne, man alade kuma, manteca, yana shiga wasu abincin ba a gani, ka riƙa tambaya. Chicha morada ruwan baƙar masara ce da aka dafa da abarba da kirfa, ba ta sa maye, chicha de jora kuwa giya ce. Alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa. Agogonsu yana bayan namu da awa 6, ka riƙa kiran gida da sassafe kafin a shiga aji, lokacin azahar ta yi a Jos. Daga Mayu zuwa Satumba rani ne a tsauni, rana ƙwal, dare kuma sanyin da Jos ba ta san shi ba. Tikitin Machu Picchu ƙayyadadde ne kuma da awa, a saya tun da wuri. Ka bar kwana biyu tsakanin saukowarka Lima da jirgin gida, domin a Janairun 2023 zanga-zanga ta sa an rufe wurin da layin dogonsa, baƙi suka maƙale.

Abu na ƙarshe, don na san halin malaman gona. Za ka shiga kasuwar San Pedro a Kusko ka ga dankali kala-kala, zuciyarka ta ce ka sa 'yan ƙwayoyi a safa ka kawo gida ka gwada. Kada ka yi. Ɗanyen dankali yana ɗauke da cututtuka da tsutsar saiwa da ido ba ya gani, ba a shigo da shi ƙasa ba takardar lafiyar tsiro, kuma cutar da ka shigo da ita a safa ba a gonarka kaɗai za ta tsaya ba. Cibiyar da za ta horar da kai tana ba masu bincike iri tsabtatacce, a cikin kwalba, bisa yarjejeniya a rubuce. Tun a makon farko ka nemi mai kula da ɗakin ajiyar iri, ka tambaye shi wace takarda ma'aikatarku za ta rubuto, ka tura wa shugabanka bayanin kafin ka bar Lima.